Yatsa na jan carbi, hankali na kasuwa

Akwai wani yaro a ofishinmu, sabon ɗauka ne. Kullum da an idar da Azahar sai ya koma kujerarsa, ya toshe kunnuwa, ya rufe ido kamar minti goma ko motsi ba ya yi. Mu duk mun ɗauka barci yake sata. Da aka matsa masa sai ya ce wata manhaja ce a wayarsa take koya masa bin numfashinsa don hankali ya kwanta. Nan take wani dattijo a cikinmu ya ce, "Kai yaro, wannan ai bautar 'yan Buda ce, maza ka yi istigfari." Aka yi dariya aka watse. Ni kam maganar ta biyo ni cikin mota tun daga Kano har gadar Wudil.

Dattijon bai yi kuskure ba a kan asalin abin. Daga mabiya Buda ya fito, mutumin da aka haifa a Lumbini, cikin ƙasar Nefal ta yau, wajen shekara 2,500 da suka wuce. Yadda suke yi ba wani boka ba malam: ka zauna, ka miƙe baya, ka ɗora hankalinka a kan shigar numfashi da fitarsa. Hankali zai gudu, dole ne. Da ka farga ya gudu sai ka komo da shi, ba faɗa, ba tsaki. Ya sake gudu, ka sake komo da shi. Wasu cibiyoyinsu kwana 10 ake yi ba magana ba waya. A 1979 wani Ba'amurke, Jon Kabat-Zinn, ya tuɓe wa abin rigar addini ya mai da shi darasin sati 8 ga marasa lafiya a asibitin Jami'ar Masacusets. Daga irin wannan ne manhajojin waya suka samo tushe. A 2024 har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware masa rana, 21 ga Disamba.

Aƙidarsu tasu ce, ba na kiran kowa gare ta. Abin da ya tsaya min a rai daban ne.

A daren ranar na bi Magariba a masallacin unguwarmu a nan Dagumawa. Wallahi raka'a ukun nan kaf lissafi na yi: kuɗin makarantar yara, bashin mai shago, kuɗin motar da ya rage kafin albashi. Aka sallame, da za a ɗora min wuƙa a wuya ba zan iya faɗin surar da liman ya karanta ba. Na ja tasbihi 33, 33, 33 cikin abin da bai kai minti ɗaya ba, hannu ɗaya na lalubar waya a aljihu. To ni da yaron nan, wa ya fi wani samun nutsuwa a ranar?

Kuma fa ba rasa gado muka yi ba. Sau biyar a yini ake kiranmu mu ajiye komai. Batijjane yana da lazimi safe da yamma, istigfari 100, salati 100, hailala 100. Baƙadire yana da wuridinsa, ga Gidan Ƙadiriyya nan a Kabara. Wanda ba ya ɗariƙa yana da azkar na safiya da maraice, ga i'itikafi a goman ƙarshe na azumi. Imamu Gazali ya yi dogon bayani a Ihya kan halartar zuciya a cikin salla, ko Ahalari da muka karanta muna yara ya taɓo kushu'i. (Don Allah kada a mayar min da wannan rigimar Izala da ɗariƙa, cutar da nake magana a kai ba ta tambayar wane masallaci kake bi.)

Inda suka sha gabanmu, a ganina, su sun ɗauki tsayar da hankali kamar sana'a, abin da ake koya a hankali, a yi ta maimaitawa. Mu kuwa mun koma ƙirga. An koya mana ƙabli da ba'adi tsaf, mun san yadda ake ɗinke salla in rafkanuwa ta yaga ta, amma ni dai ban tuna ranar da aka zaunar da ni aka ce ga abin da za ka yi a daidai lokacin da zuciyarka ta fice ba. Yanzu ga ɗan carbin nan na maƙalawa a yatsa. Za ka ga mutum a kara ranar Juma'a yana cinikin sa, yana rantsuwa, yatsa na ta danna lamba. Allah ya karɓa, amma ina zuciyar take?

Kada wani ya ce ina wa talaka wa'azin haƙuri. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda rayuwa ta koma, kuma mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 ba ya kai mai iyali ko'ina. Rufe ido ba ya sauke farashin masara, masu mulki ba su fita ba. Wanda kuma damuwa ta hana shi barci da abinci sati da sati, likita zai gani, zuwa Dawanau ba abin kunya ba ne. Amma tsawar da nake daka wa yara in na dawo a gajiye, ba gwamnati ce take daka ta ba. Ni ne.

Sati uku ke nan ina barin waya a gida in zan fita Asuba. In an sallame ba na tashi. Tasbihin nan dai da na saba shi nake yi, sai dai ɗaya bayan ɗaya, ina jin abin da bakina ke faɗa. Hankali ya tafi ofis, in komo da shi. Ya tafi wajen mai shago, in komo da shi. Ranar farko kafin in kai goma ya gudu ya fi sau biyar, abin har ya ba ni kunya. Har yanzu yana gudu, sai dai ina saurin kama shi.

Na ba yaron ofis labari, ya ce zai gwada da azkar ɗinsa ya ga ko zai iya ajiye manhajar. Dattijon namu kuma ban gaya masa ba tukuna. Yau dai da Asuba Tabaraka liman ya karanta a raka'ar farko. Ta biyun ta kuɓuce min.