Direbobi Hattara: Ramin Kunna Taba Ba Rijiya Gaba Dubu Ba Ne

Duk wanda ya taɓa leƙa gaban tirela ko tanka a tashar manyan motoci ta Ogere, ko a bakin kasuwar Mile 12 a Ikko, ko Bodija a Badun, zai ga wani abu guda da ya zama ruwan dare. Watau wani ɗan rami da ke jikin allon gaban direba, an soka masa caja mai baki uku ko huɗu, igiyoyi sun yi reto kamar saiwar cediya. Ga wayar direba, ga ta yaron mota, ga ta mai kaya, ga tocila, ga rediyo, wani lokaci har da ta mai shayin da ke gefen hanya ya kawo roƙo a ɗan sa masa.

Babu wanda zai ga laifin direba a kan wannan. Kafin wayar hannu ta shigo ƙasar nan a shekarar 2001, direban da ya ɗauko shanu daga Potiskum ko albasa daga Aliero sai ya iso a san ya iso. Yau kuwa dillali yana jiran kira, mai mota yana jiran kira, iyali a gida suna jiran kira. Tun daga Fabrairun 2021 motar da za ta shiga tashar jirgin ruwa ta Apapa sai an yi mata rajistar layi ta intanet. Ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023 kuma ya koya wa mutane da yawa karɓar kuɗin mota da na kaya ta waya. Saboda haka direban da wayarsa ta mutu a tsakanin Mokwa da Jebba, alhali yana ɗauke da tumatir, ba ƙaramar asara ke bin sa ba. Tafiyar kusan kilomita 1,000 ce daga Kano zuwa Ikko, ba kuwa soket ɗin bango a kan hanya.

Amma fa akwai abin da ya kamata a sani game da wannan rami. Tun asali ba don caji aka yi shi ba. An yi shi ne don a tura wani ɗan ƙarfe a ciki ya yi ja, a zaro a kunna taba, aikin da bai wuce na daƙiƙa kaɗan ba. Daga baya ne masu ƙere-ƙere suka ga wuta na nan a banza, suka yi ta ƙera kayan da za a soka a ciki. Shi ya sa bakin cajar ba ya kama ramin sosai, ɗan sifirin ne kawai ke riƙe da shi. In mota ta shiga gargada sai ya riƙa motsi, wuta tana ɗaukewa tana dawowa, wurin yana ɗaukar zafi. Wanda ya taɓa zaro caja ya ji ta da zafi kamar an ciro ta daga murhu, ko ya ga robar bakinta ta narke, to ya ga alamar ke nan.

Abu na farko da ke cin wayoyin mutane shi ne rashin sanin bambancin wutar ƙaramar mota da ta babba. Ƙaramar mota batir ɗaya gare ta mai ƙarfin bolt 12. Manyan motocin Turai da na Sin, irin su DAF da MAN da Howo, batir biyu ake haɗa musu su ba da bolt 24, in inji na aiki ma har ya kai wajen 28. Motocin Amurka irin su Mack galibi a kan 12 suke. Ita kuwa waya bolt 5 ne abincinta na yau da kullum, aikin caja shi ne ta rage ƙarfin wutar ta mai da shi daidai cikinta. To, cajar da aka yi don bolt 12 kaɗai, in aka soka ta a ramin bolt 24, an ɗora mata ninkin abin da za ta iya. In an yi sa'a ita kaɗai za ta ƙone. In ba a yi sa'a ba ta tafi da wayar, da lambobin abokan ciniki na shekara da shekaru. Maganin wannan ba shi da wuya, watau kafin a biya kuɗi a duba jikin cajar, sai an ga an rubuta 12V-24V. Wasu manyan motocin kuma rami biyu gare su, ɗaya 12 ɗaya 24, an kuwa rubuta a kan murfin kowanne. Wanda bai iya karatun ba ya nemi a duba masa, ba abin kunya ba ne.

Abu na biyu ya fi wannan tsada, kuma shi ne wanda aka fi ɗauka dabara. Direba na son wutar bolt 12 don rediyo ko fanka, sai a kai shi wurin mai gyaran wayarin mota na gefen titi, shi kuwa ya jawo waya daga batir ɗaya cikin biyun nan, ya ce an gama. A ranar komai zai yi aiki lafiya lau. Sai dai batura biyun nan tamkar shanun noma ne a ƙarƙashin karkiya ɗaya, caji iri ɗaya ke ratsa su. In ana tatsar ɗaya ana barin ɗaya, wanda ake tatsa ba zai ƙara cika ba, ɗan'uwansa kuwa caji zai yi masa yawa har ruwansa ya riƙa ƙafewa. A kwana a tashi duka biyun sun lalace kafin lokacinsu, kuma biyun za a saya. Akwai 'yar na'ura da ake sayarwa wadda ke karɓar bolt 24 daga batura biyun gaba ɗaya ta fid da 12. Kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin batir guda ba. Araha dai ba ta ado.

Abu na uku shi ne na rai. Kowane irin ramin nan yana da fis a bayansa, sau da yawa mai amfiya 10 ko 15. Lissafin a fili yake: amfiya 10 a kan bolt 12 wat 120 ke nan, a kan bolt 24 kuma wat 240. Cajin waya ɗaya bai cika wuce wat 10 zuwa 20 ba, don haka wayoyi uku ko huɗu ba su dami ramin ba. Amma butar lantarki ta gida tana cin wat 1,500 ko fiye, dutsen guga wajen wat 1,000. Wanda ya sayo inbata ya soka a ramin taba yana nufin ya dafa ruwan shayi da irin wannan buta, fis zai tsinke, kuma aikinsa ke nan. Fis mai gadi ne, yana mutuwa ne don mota ta rayu. Abin takaici, da ya tsinke sau biyu sai wani ya ce fis ɗin ne ba shi da ƙarfi, a ɗaure wurin da zaren waya ko takardar azurfa ta kwalin sigari. Daga nan wayar da ke bayan allo ita za ta zama fis, ta yi zafi a inda ido ba ya gani, kusa da katifa da bargo da tsumman mai. Gobarar da ta tashi a gaban motar shanu masifa ce. Wadda ta tashi a gaban tanka mai ɗauke da lita 33,000 na fetur a tsakiyar cunkoson Ikko kuwa, ba direba kaɗai za ta ci ba.

Har wa yau akwai maganar kwana a layi. Batir ɗin babbar mota yana da girma, cajin waya ɗaya ko biyu cikin dare ba zai girgiza shi ba. Amma motar da ta yi kwana uku a tsaye inji a kashe, fanka na juyi, ƙaramin firji na aiki, rediyo na yi, ga wayoyin maƙwabta, ita ce wadda za a murɗa makulli ran da layi ya motsa a ji shiru. Batirin tayar da mota an yi shi ne don ya ba da ƙarfi mai yawa na ɗan lokaci, ba ya son a zuƙe shi ƙarƙaf, kowace zuƙa kuwa tana rage masa kwana. Tirela mai ɗauke da kaya ba tasi ba ce da samari huɗu za su tura.

Wani zai ce ai duk wannan magana ce ta mai ƙoshi. Direba ba shi ne mai mota ba, kuɗin hanya da ake ba shi bai isa ba, ga shingaye, ga tsadar man gas, ina zai ga kuɗin na'ura? Wannan gaskiya ne, shi ya sa nauyin ba a wuyan direba kaɗai yake ba. Alhajin da ya sayi mota ta miliyoyin naira, kuma yake kiran direbansa sau goma a yini yana tambayar inda aka kai, shi ya fi cancanta ya sa a ɗaura na'urar rage wuta da soket mai kyau, da fis nata, a hannun ƙwararren mai gyara. Dukiyarsa yake karewa. Ƙungiyoyin masu motoci da na direbobi, irin su NARTO da reshen direbobin tanka na NUPENG, suna da wakilai a manyan tashoshi, ba kuwa zai gagare su ba su riƙa faɗakar da 'ya'yansu kan wannan kamar yadda ake yi kan birki da taya. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, watau SON, ita ma ta sa ido kan cajojin da ake zubawa a kasuwa ba suna ba lamba. Su kuma samarin Arewa da ke tallar caja a cikin cunkoso da bakin tasha, su ji tsoron Allah su tambayi mai saye irin motarsa. Wanda suka sayar wa yau, shi ne zai kai su gida da salla.

Abin da ya rage a hannun direba kaɗan ne, kuma ba ya cin kuɗi. Ya zare caja kafin ya tayar da mota, domin a lokacin ne wuta ke hawa da sauka. Ya yi cajinsa mota na tafiya, ya cika fawa banki don kwanan layi. Kada ya bar waya ko fawa banki a kan allo cikin rana, domin batirinsu ba ya shiri da zafi, wanda ya kumbura kuwa a rabu da shi. Ya ajiye fis na canji daidai lambar wanda ya mutu, in ya sake tsinkewa a nemi dalili. Ya tabbata tukunyar kashe gobara tana da rai, tana kuma inda hannu zai kai. Sa'an nan ya tuna hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta hana amfani da waya ana tuƙi, cikar caji ba izinin hira ba ne a gangaren hanya.

Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa sun faɗi gaskiya, amma wanda ya cire fis da hannunsa ya ɗaura waya bai kamata ya kira abin da ya biyo baya tsautsayi ba. Mutanen Arewa da ke Kurmi sun dogara ga waɗannan direbobi wajen abinci da saƙo da komawa gida. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya, amin.