Waƙar Sujada Ma Tana Da Mai Ita

Duk ran Lahadi, a Ikko da Badun da Fatakwal da Anaca, Kiristoci 'yan Arewa sukan taru a majami'u su yi sujada da Hausa. Akwai soja da ɗan sanda, akwai maigadi da direba, akwai malamin makaranta da 'yar kasuwa. Wani Birom ne, wani Bachama, wani Bajju, wani Tarok, amma da zarar an ta da waƙa sai murya ta zama ɗaya. To, in aka tsai da waɗannan bayin Allah a bakin ƙofa aka tambaye su wa ya tsara waƙar da suka gama rerawa, da wuya a sami mai amsa. Wannan kuwa ba ƙaramin sakaci ba ne.

Mazauna Kudu suna da abin koyi kusa da su, watau Ikoli Harcourt Whyte. An haife shi a Abonnema, ƙasar Kalabari, a 1905. Yana ɗan shekara 14 aka gane ya kamu da kuturta, aka kai shi asibitin Fatakwal. A 1932 aka mai da shi da 'yan'uwansa marasa lafiya zuwa Uzuakoli, wadda yanzu take Jihar Abiya. A can ne wani likitan mishan, Dokta Frank Davey, ya lura da baiwarsa, ya ƙarfafa shi ya dukufa kan waƙa. A 1949 aka tabbatar ya warke, amma bai tafi ba. Ya zauna tare da waɗanda dangi suka guje su, ya kafa ƙungiyar mawaƙa daga cikinsu, suna zaga garuruwa suna rerawa. Ya tsara waƙoƙi fiye da 200 kafin ya rasu a haɗarin mota a 1977.

Abin lura shi ne da harshen Ibo ya yi waƙoƙin nan, alhali ba shi ne harshen da ya tsotsa ba. Ya kuma daidaita karin waƙa da hawa da saukar muryar Ibo, don kada kiɗa ya ɓata ma'anar kalma. Haka Rabaran J. J. Ransome-Kuti na Abeokuta ya yi wa Yarbanci tun kafin wannan, har aka ɗauki muryarsa a faifan garmaho a Landan a 1922. Su biyun nan an san sunansu, an rubuta tarihinsu, har Ola Rotimi ya yi wasan kwaikwayo a kan rayuwar Harcourt Whyte.

Shin ina takwarorinsu na Hausa? Suna nan da yawa. 'Yan Zumuntar Mata da mawaƙan Sabon Rai da 'yan kwaya sun daɗe suna ƙaga waƙoƙi da tulu da kacau-kacau da ganga. Waƙa takan fito daga wani ƙauye a Filato ko Adamawa ko kudancin Kaduna, ta bi bakin mata har barikin soja a Ikko, sunan mai ita kuwa ya faɗi a hanya. Wannan ya ƙara baiti, wancan ya sake kalma, har a wayi gari ba a san asalinta ba.

Wani zai ce ai waƙar Allah ce, neman suna a kanta girman kai ne. Wannan magana tana da ƙamshin tawali'u, amma ba ta tsaya da ƙafarta ba. Littafin Zabura kansa ya ajiye sunan Dawuda da na Asaf a kan waƙoƙinsu. Marubutan waƙoƙin Hausa su ma sun saba sa sunansu a baitocin ƙarshe, shi ya sa har gobe ake yi wa Aliyu Namangi addu'a saboda Imfiraji. Ashe ambaton suna ba fahariya ba ne, riƙon amana ne.

Ban da haka, inda ba suna, ba mai kare waƙa, ba kuma mai kare marubucinta. Fanny Crosby, makauniyar nan ta Amurka wadda ta rasu a 1915, ta rubuta waƙoƙi fiye da 8,000. Dala ɗaya ko biyu masu ɗab'i suke ba ta a kan kowace waƙa, da yawa kuma an buga su da sunayen aro. Amma dubi yadda zamani ya sake. Keith Getty da Stuart Townend sun tsara wata waƙa a 2001 wadda ta game duniya. A 2013 kwamitin littafin waƙoƙi na wata babbar ɗarika a Amurka ya nemi su yarda a sake layi ɗaya a cikinta, suka ce a'a, kwamitin kuwa ya haƙura ya bar waƙar. Ko an goyi bayansu ko ba a goya ba, an dai nemi izninsu, domin an san masu ita. Tsohuwar da ta ƙaga waƙa a ƙauye, wa yake neman izninta? In ta kwanta ciwo, wa yake tunawa da ita cikin dubban da suke rera waƙarta?

Gyaran ba mai wuya ba ne, kuma ikilisiyoyin Hausa na Kudu suna da halin fara shi. Kowace ƙungiyar mawaƙa ta ajiye littafi, ta rubuta waƙa da sunan wanda ya tsara ta da garinsu da shekara. Masu zuwa gida hutun Kirsimeti su tambayi tsofaffi tun suna da rai, ga wayar hannu ta sauƙaƙa ɗaukar murya. Mai ba da waƙa a majami'a ya riƙa faɗin sunan mai ita kafin a fara. Sau ɗaya a shekara kuma a ware baiko don masu tsara waƙoƙi da suka tsufa da iyalan waɗanda suka rasu.

Hausawa suna cewa yabon gwani ya zama dole. Waɗanda suka ba baƙo abin da zai rera ya ji kamar yana gida, lalle sun cancanci a san sunansu. Allah ya sa shugabannin ikilisiya su ji, su kuma aikata.