Tawada mai arha ta isa takardar jarabawa, amma ba ta isa hoton kaka ba

A bangon falonmu da ke Aboabo, nan Kumasi, akwai wani hoto da na daina son kallo. Hoton kakata ne, Allah Ya jiƙanta, ranar da ta dawo daga aikin Hajji, tana zaune a kan tabarma, jikoki sun kewaye ta. Ni na ɗauke shi da wayata, ni kuma na buga shi a gida da 'yar firintar da nake buga tambayoyin jarabawar ɗalibaina. Ranar da ya fito kowa ya yaba. Yau shekara uku ke nan, shuɗin mayafinta ya koma ruwan toka, fuskarta ta yi jaja-jaja, idanun ma da ƙyar ake gane su. Wayar ta faɗa ruwa tun kafin rasuwarta, ban kuwa ajiye hoton a wani wuri ba. Abin da ya rage mana ke nan.

Ban ga laifin kowa ba sai nawa. Tawadar da na yi aiki da ita ba ta kamfanin firintar ba ce, irin mai arhar nan ce da ake samu a shaguna, ko a ɗura maka da sirinji. Duk da haka ba zan ce wa jama'a su guje ta gaba ɗaya ba. Har gobe ina sayen ta, kuma ina da dalili.

Duk wanda ya taɓa mallakar ƙaramar firinta ya san wasan. Injin ba tsada, amma ranar da tawada ta ƙare, ka je sayen katirij biyu na asali, baƙi da mai launi, sai ka ji kuɗin ya kusa na sabon inji. Da gangan aka tsara haka. Shugaban kamfanin HP na wancan lokacin, Enrique Lores, ya faɗa da bakinsa a farkon 2024 cewa duk wanda ya sayi firintarsu jari suka zuba a kansa, idan kuwa bai sayi tawadarsu ba, jarin ya faɗi. Tun 2016 kamfanin ya fara tura wa wasu injinansa sabuwar manhaja ta intanet, wadda ke sa su ƙi karɓar katirij ɗin da ba nasa ba. A 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci shi tarar Yuro miliyan 10 saboda bai fayyace wa masu saye wannan takunkumi ba. A Amurka ma, a 2017, kotun ƙoli ta yanke wa kamfanin Lexmark cewa da zarar ya sayar da katirij, ba zai fake da haƙƙin ƙirƙira ya hana a sake cika shi a sayar ba. To, malamin makaranta da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, a ce lallai sai tawadar kamfani zai buga darasin da za a yar bayan mako guda? Wannan ba adalci ba ne.

Inda na yi kuskure shi ne, na ɗauka tawada duk tawada ce. Ashe iri biyu ce. Akwai ta rini, wadda launinta ke narkewa cikin ruwa. Tana fito da hoto tas, mai sheƙi, amma hasken rana da iska suna cin ta a hankali, laima kuma na sa ta baje. Akwai kuma wadda launinta ƙananan ƙwayoyi ne da ba sa narkewa, suna zama a kan takarda, kuma ta fi jure haske. Mu da muka yi makarantar allo bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Tawadar da muke haɗawa da gawayi da ƙaro ai irin ta biyun ce. Ku duba tsofaffin takardun da aka rubuta da ita: takarda ta yi ja, gefenta ya cinye, rubutu na nan baƙi wuluk.

Gaskiya ne, yawancin ƙananan firintoci, ko da tawadar asali, launinsu na rini ne. Bambancin shi ne kamfanin ya gwada rininsa a kan takardar hotonsa, ya san iya shekarun da za su yi tare. Wadda aka ɗura maka daga gora marar suna kuwa, babu wanda ya gwada ta, kai ne za ka gwada, a kan hoton ɗaurin aurenka. Kuma ba ranar farko za ka gane ba. Arha ba ta ado, in ji Hausawa, amma wannan arhar tana ado na 'yan watanni, sannan ta tona maka asiri.

Akwai kuma batun injin kansa. A wasu firintocin, bakin da ke fesa tawada yana jikin katirij ne. Idan tawada marar kyau ta toshe shi, katirij kawai ka yi asara. A wasu kuwa, kamar na Epson, bakin yana jikin injin, gyaransa kuma kan kai kuɗin sabo. Kafin ka ɗura komai, tambayi mai gyara wane iri ne naka. Lokacin hunturu, da iska ke bushewa ga ƙura, ka riƙa buga ko da shafi ɗaya mai launi duk mako, ka kuma rufe injin da ƙyalle.

Dole kuma mu raba abu biyu da ake haɗawa. Wanda ya yi tawadarsa, ya rubuta sunansa a kwali, ya ce ga irin injin da take shiga, ɗan kasuwa ne, sana'arsa halal ce. Wanda kuma ya cika tsohon katirij, ya sa shi a kwali mai tambarin kamfani, ya sayar maka a matsayin na asali, algus ya yi, kuma addininmu bai yi sassauci a kan algus ba. 'Yan'uwanmu masu shagon kayan kwamfuta, ku ji tsoron Allah ku faɗa wa mai saye abin da yake saye. Idan ya ce hoton suna ko na biki zai buga, ku gaya masa gaskiya, ko da cinikin zai wuce ku.

Ga yadda nake yi yanzu. Tambayoyin jarabawa, jadawalin darasi, sanarwar taron iyaye, har hoton da za a liƙa a allon sanarwa na mako biyu, duk tawada mai arha ce, ban kuma ji kunyar faɗa ba. Wanda bugunsa ke da yawa, in yana da hali, ya nemi firinta mai tanki, wadda ake zuba wa tawada daga kwalba, domin ko ta asalin ba ta kai katirij tsada a kan kowane shafi ba. Amma hoton da nake so 'ya'yana su nuna wa nasu 'ya'yan, situdiyo nake kai shi a wanke a kan takardar hoto ta gaske. Hotuna nawa ne irin waɗannan a shekara? Ba su fi a ƙirga da yatsu ba. In an wanke, a sa shi a firam mai gilashi, a rataye inda rana ba ta dukan sa. Uwa uba, a ajiye asalin hoton a wuri biyu, ba a waya kaɗai ba.

Kwanaki ƙaramar 'yata ta tsaya gaban hoton nan, ta ce, "Baba, wace ce wannan?" Na ce Hajiya ce, kakata. Ta ƙura ido, ta ce ba ta ganin fuskarta sosai. Na rasa abin da zan ce mata. 'Yan sidin da na yi tattali a ranar, da na san abin da za su jawo, wallahi da ban yi ba. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu iya riƙe abin da suka bar mana.