Lambobin ƙasa, harshe da kuɗi a manhajojin kwamfuta: yankin Jega, Aliero da Maiyama

Lambobin ƙasa, harshe da kuɗi wasu gajerun haruffa ne ko alƙaluma da duniya ta amince da su domin kwamfuta ta riƙa gane kowace ƙasa, kowane harshe da kowane kuɗi ba tare da ta dogara da sunansa ba. Lambar Najeriya ita ce NG, ta Hausa ha, ta naira kuma NGN. Hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, wadda aka kafa a shekarar 1947 kuma take da hedikwata a Geneva, ita ce ta tsara jerin lambobin. Hukumar SON ce ke wakiltar Najeriya a cikinta.

A ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama na Jihar Kebbi, waɗannan lambobi suna aiki a bayan fage duk lokacin da aka tura kuɗi ta waya, aka cike fom a intanet, ko aka sauya harshen waya zuwa Hausa. Sai dai jerin na duniya yana da iyaka: ya san ƙasa da jiha da harshe, amma bai san ƙaramar hukuma ko karin harshe ba. Daga inda ya tsaya ne yawancin ruɗanin yake farawa.

Yankin

An ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991. Tana da ƙananan hukumomi 21, kuma tana iyaka da ƙasashe biyu, Nijar da Benin. Jega, Aliero da Maiyama duk suna cikin masarautar Gwandu da mazaɓar Sanatan Kebbi ta Tsakiya. Jega tsohuwar cibiyar kasuwanci ce tun ƙarni na 19. Aliero ta shahara da noman albasa da masu ɗorin ƙashi, kuma a nan ne jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar take, wadda aka kafa a 2006. Hatsi, albasa da dabbobin yankin suna bin hanyar Kamba zuwa Gaya a Nijar da Malanville a Benin. Don haka ɗan kasuwa guda yakan yi hulɗa da ƙasashe uku da kuɗi iri biyu a tafiya ɗaya, galibi cikin harshe ɗaya.

Lambobin ƙasa da jiha

Jerin ƙasashe shi ne ISO 3166, wanda aka fara bugawa a 1974. Kowace ƙasa tana da lamba iri uku: mai harafi biyu, mai harafi uku, da ta alƙaluma. Najeriya tana da NG, NGA da 566. Nijar tana da NE, NER da 562. Benin kuwa BJ, BEN da 204. Mai harafi biyu ce ke ƙarshen adireshin intanet, kamar .ng da .ne, kuma ita ce harafi na biyar da na shida a lambar SWIFT ta kowane banki. Mai harafi uku ce ake bugawa a layukan da na'ura ke karantawa a ƙasan shafin fasfo. Lambobin kiran waya, wato +234 na Najeriya, +227 na Nijar da +229 na Benin, ba na ISO ba ne. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ce ke raba su.

Kashi na biyu na jerin, ISO 3166-2, ya fito a 1998, kuma shi ne ya ba jihohi da yankuna lamba. Kebbi ita ce NG-KE, Sakkwato NG-SO, Zamfara NG-ZA, Jihar Neja NG-NI. Jihar Dosso ta Nijar, maƙwabciyar Kebbi, ita ce NE-3. Idan aka yar da NG ɗin da ke gaba, ma'ana takan sauya gaba ɗaya: KE ita kaɗai Kenya ce, SO Somaliya, ZA Afirka ta Kudu, NI kuma Nikaragwa.

Kusancin sunayen Najeriya da Nijar ya sa wannan kuskure ya fi sauƙin faruwa a nan fiye da wasu wurare. A jerin da ake zaɓa a fom, sunayen biyu suna bin juna, kuma akwai Jihar Neja da ke da rubutun suna iri ɗaya da na ƙasar Nijar a Turanci. Wanda ya yi tsammanin NI ce lambar Najeriya ya jingina bayanansa ga wata ƙasa ta nahiyar Amurka.

Lambobin kuɗi

Jerin kuɗaɗe shi ne ISO 4217, na shekarar 1978, kuma kamfanin SIX na ƙasar Suwizalan ne ke kula da sabunta shi. A ƙa'ida, harufa biyu na farko na ƙasa ne, na uku kuma na sunan kuɗin: NG da N suka ba da NGN. Kuɗin da ƙasashe da yawa ke amfani da shi galibi yakan fara da X. Sefar da Nijar da Benin ke kashewa, tare da wasu ƙasashe shida, ita ce XOF. Sefar Kamaru da Chadi kuwa XAF ce. Darajarsu ɗaya, domin kowace an ɗaure ta da yuro a kan sefa 655.957, amma bankunan da ke buga su daban ne, lambobinsu ma daban.

Jerin bai tsaya ga suna ba. Yana kuma faɗin gurabe nawa kuɗi yake da su bayan ɗigo. Naira tana da biyu, saboda kwabo ɗari ne naira ɗaya. Sefa ba ta da ko ɗaya. Manhajojin biyan kuɗi da yawa suna ajiye adadi a ƙaramin rukuni, ta yadda naira 5,000 take zama 500000 a cikin rumbun bayanai. Idan mai rubuta manhaja ya ɗauka kowane kuɗi haka yake, lissafin sefa zai iya ninkuwa ko ya ragu sau ɗari. Ga dillalin da ya sayar da buhunan albasa ga abokin ciniki a Gaya, wannan bambanci ne tsakanin riba da karyewar jari.

Akwai kuma lissafin baka da jerin bai sani ba. A Nijar ana ƙirga sefa da dala, inda dala ɗaya take sefa biyar, jaka kuma sefa dubu. A Najeriya jaka naira ɗari biyu ce, gadon lokacin da take nufin fam ɗari kafin zuwan naira ranar 1 ga Janairu, 1973. Kalma ɗaya ce, adadi biyu, a kasuwanni masu maƙwabtaka. Wannan shi ne dalilin da ya sa rasit mai ɗauke da NGN ko XOF ya fi wanda aka rubuta adadi kawai tsaro.

Lambobin harshe da rubutu

Jerin harsuna shi ne ISO 639. Hausa tana da ha mai harafi biyu da hau mai harafi uku. Harsuna ƙasa da ɗari biyu ne kawai suke da mai harafi biyu. Mai harafi uku ta kashi na uku, wanda ya fito a 2007 ƙarƙashin kulawar ƙungiyar SIL, ta ƙunshi harsuna sama da dubu bakwai. A cikinta ne sauran harsunan Kebbi suka samu wuri: Zabarmanci dje, Dendi ddn, C'lela na ƙasar Zuru dri. Fulatanci yana da ff a matsayin babban rukuni, sannan Fulfulden Najeriya yana da fuv. Maganar hannu ta kurame Hausawa ma tana da tata, hsl.

Da yake ana rubuta Hausa da boko da ajami, akwai jeri na huɗu, ISO 15924, inda boko yake Latn, rubutun Larabci kuma Arab. Ƙa'idar intanet mai suna BCP 47 ce ke jera su wuri ɗaya: harshe, rubutu, ƙasa. Hausar boko ta Najeriya ita ce ha-Latn-NG, wadda Windows ke amfani da ita, Hausar ajami kuma ha-Arab. Bambancin ha-NG da ha-NE yana da amfani a aikace, domin a Najeriya ana rubuta 'ya'ya, a Nijar kuma ƴaƴa, kuma kuɗin da manhaja za ta nuna ya bambanta.

A nan ma haruffa suna yaudara. Ƙaramin ng a gurbin harshe yana nufin Ndonga na Namibiya, ne kuma harshen Nepal. Shafin da aka yi wa alamar ne da nufin Nijar, injin bincike zai iya ɗaukar sa a matsayin rubutun Asiya.

Yadda manhaja ke duba lamba

Manhajar kirki ba ta rubuta jerin da hannu. Tana ɗauko shi ne daga wata taska da ake sabuntawa. Fitattu a ciki su ne kunshin iso-codes na Debian, da pycountry na harshen Python wanda ya ginu a kansa, da CLDR na ƙungiyar Unicode. Amfanin CLDR shi ne yana ɗauke da fassarar sunayen ƙasashe, harsuna, ranaku da watanni, har da na Hausa ta Najeriya, Nijar da Ghana. Daga irin wannan taska ne waya ke samun Litinin da Talata idan aka mayar da ita Hausa.

Ƙa'idar aikin ita ce a ajiye lamba, a nuna suna. Suna yana sauyawa, yana kuma da rubutu iri-iri, amma lamba takan zauna. Lokacin da Swaziland ta koma Eswatini a 2018 lambarta SZ ba ta motsa ba, haka TR ta Turkiyya bayan gyaran sunanta a 2022. Duk da haka jerin kansa yakan sauya. Sudan ta Kudu ta samu SS a 2011. Ghana ta bar GHC ta koma GHS a 2007, Saliyo kuma ta fito da SLE a 2022. A Kebbi ma an ga haka: a 2019 an soke lambar dud ta harshen Dukawa, aka raba ta biyu, uth da uss. Tsohon jerin da aka kwafa sau ɗaya aka manta da shi ba zai san wannan ba.

Abubuwan da ke faruwa yanzu

Sauye-sauyen shekarun baya-bayan nan sun nuna abin da lamba ke iya ɗauka da abin da ba ta iyawa. An ƙaddamar da eNaira a Oktoban 2021, an sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, an kuma saki farashin canji a Yunin 2023. Duk wannan bai taɓa NGN ba. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kuwa ya tura mutane da yawa ga masu POS da tura kuɗi ta waya, wato ga tsarin da ke aiki da waɗannan lambobi.

A ɗaya gefen iyaka, juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 ya jawo rufe iyakar Najeriya da Nijar, wadda Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. Ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025, amma ƙasar ta ci gaba da kashe XOF. Idan wata rana ta fito da sabon kuɗi, ko ECOWAS ta ƙaddamar da Eco da ta tsara wa 2027, sai an ba shi sabuwar lamba, kuma kowace manhajar canji a garuruwan kan iyaka sai ta sabunta jerinta. A Maris 2025 kuma sabon kundin mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wannan ya ƙara wa ha-NE nauyi, duk da cewa alamar ta daɗe da wanzuwa.

Inda jerin ya tsaya

ISO 3166-2 bai sauka ƙasa da jiha ba a Najeriya. Jega, Aliero da Maiyama ba su da lambar ISO, don haka kowace hukuma tana da nata tsarin. A lambobin rumfunan zaɓe na INEC, Kebbi ita ce jiha ta 21. A tsarin ofishin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya, OCHA, ita ce NG022, saboda an lissafa Abuja a tsakiyar jerin. A takardu da yawa kuma ana taƙaita ta da KB, ba KE ba. Sunan Aliero kansa yana zuwa da rubutu fiye da ɗaya: Aleiro ne a jadawalin Kundin Tsarin Mulki na 1999, Aliero a yawancin takardu. Idan aka haɗa jerin manoma ko na asibitoci daga hukumomi biyu ta hanyar suna, kwamfuta za ta iya ɗaukar ƙaramar hukuma ɗaya a matsayin biyu, ko ta yar da layin da bai dace ba. Wanda aka yar da layinsa yakan rasa tallafin taki ko gurbin rajista ba tare da ya san dalili ba.

Haka abin yake a harshe. Hausar da ake yi a wannan yanki ta karin yamma ce, dangin Sakkwatanci, inda ake cewa hwari maimakon fari, mi maimakon me, tahi maimakon tafi. Ba ta da lamba ta dabam. Duk hau ce. Ta fuskar kimiyyar harshe wannan daidai ne, tunda masu karin biyu suna fahimtar juna. Amma a aikace, manhajar da aka horar da rubutu da muryoyin daidaitacciyar Hausa za ta ce tana jin ha, alhali tana iya tuntuɓe da maganar manomi a Maiyama. BCP 47 ta ba da damar yi wa karin harshe rajista ko sanya masa alamar keɓe mai farawa da x, sai dai hakan yana buƙatar masu harshen su nema, su kuma tara bayanan da za a jingina wa alamar.

Ke nan shiga jerin duniya matakin farko ne kawai. Lambobin NG, NE, NGN, XOF da ha suna nan a shirye ga duk mai rubuta manhaja da zai duba su maimakon ya yi hasashe. Abin da ya rage, wato lamba guda da hukumomi za su amince da ita ga ƙananan hukumomi 774, da alamar karin harshe a taskokin murya da rubutu, aiki ne na cikin gida da ISO ba za ta yi wa kowa ba.