Kada a yi wa ganye ƙazafi

A kasuwannin Madawa da Buza da Keita, magana ɗaya ta zama ruwan dare a bakin masu fama da kumburin ciki: "Ni na bar cin ganye." An bar zogala, an bar rama da yakuwa, an bar salati. Mu da muke sauraren koken jama'a a gidan rediyo muna ganin an yi wa ganye ƙazafi, alhali sau da yawa mai laifin yana cikin kwano ɗaya da shi.

Ciwon da muke nufi shi ne wanda likitoci ke ce wa kolopati. Ciki ya yi ta murɗa, ya cika da iska, yau zawo, gobe bayan gida ya ƙi fita, a yi wata da watanni a haka, amma in an yi awo ba a ganin rauni a hanji. Ya fi kama mata. Ba ya kisa, sai dai macen da ke wuni a rumfa, babu makewayi kusa, ita ta san azabarsa.

Tun shekarar 2005 masana na jami'ar Monash ta ƙasar Ostareliya suka yi bayanin cewa akwai wasu irin sukari a cikin abinci waɗanda ƙaramin hanji ba ya shanye su sosai. Suna jawo ruwa, in sun isa babban hanji ƙwayoyin da ke can su ruɓar da su, iska ta taru. Mai lafiya ba ya damuwa, mai kolopati kuwa sai ciwo. Albasa da tafarnuwa da wake da burodin alkama suna sahun gaba, haka madara ga wasu. Salati da alayyahu ba su da wannan sukari da yawa. Kabeji ne ke son a ci kaɗan.

To, mu dubi kwaɗon zogala. Me ke ciki? Ƙuli, mai, tonka, da albasa ɗanya cike da hannu. In ciki ya tashi, sai a ce zogala ce.

Mun san maganar ba ta da daɗin ji a ƙasar da albasar kwarin Tarka ke biyan haraji da kayan aure, ƴar Galmi kuma ke kaiwa har Akara da Abijan. Ba mu ce jama'a su bar albasa ba, mai ciwon kawai muke ba shawara. Shi ma yana da mafita: koren ganyenta, wato lawashi, yana ba da ƙamshi, kuma bai ɗauke da sukarin nan kamar ƙwayar.

Barin ganye asara ne babba. Nama ya yi tsada, ganye ne ke taimakon talaka da sinadaran ƙarin jini da na lafiyar ido, musamman mai ciki da mai goyo. Don haka a gwada wannan: a cire albasa da tafarnuwa da wake na sati 2 zuwa 6, a rage tonka da mai. A dafa ganye ya yi laushi, a fara da cokali biyu ko uku, a sha ruwa sosai. In an samu sauƙi, a maido da abin da aka cire ɗaya bayan ɗaya, a ga wanda ciki ya ƙi, domin kowa da irin cikinsa. Salati kuwa a wanke shi da ruwa mai tsabta, saboda tsutsar ciki da atini.

Amma a kula. Wanda ya ga jini a bayan gida, ko rama babu dalili, ko zazzaɓi, ko zawon da ke tashinsa daga barci, ko ciwon ya fara masa bayan shekara 50, ya nufi likita. Wannan ya wuce maganar abinci, ya wuce ƙwayoyin da ake talla a faranti.

Ku kuma iyayenmu mata masu dambu da kwaɗo, ku ajiye albasa da tonka gefe, ku tambayi mai saye kafin ku zuba. Ba zai ci muku ko dala ba, zai ma maido muku da masu sayen da suka guje ku. Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a kasuwa.