Kira ga Hukuma: A Ceci Bindigogin Ajiya Daga Tsatsa a Suleja

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Neja, Alhaji Muhammad Umaru Bago. Mai Martaba Sarkin Zazzau Suleja, Alhaji Muhammad Awwal Ibrahim, Allah ya ja zamaninsa. Kwamishinan 'Yan Sandan Jihar Neja. Shugaban Ƙaramar Hukumar Suleja. Da Kansilolin mazaɓu biyu na Hashimi.

Ina miƙa koke a matsayina na mazaunin Hashimi. Bindigar da aka saya da dukiyar jama'a amana ce a hannunku. Idan tsatsa ta cinye ta a ɗakin ajiya, jami'in da ya ɗauke ta ranar tashin hankali ya fita ne da ƙarfen da ba zai kare shi ba, balle ya kare mu.

Ranka ya daɗe Mai Girma Gwamna, kokena na farko kan gine-gine ne. Damina a Suleja takan kama daga Afrilu har Oktoba, kuma danshi shi ne uwar tsatsa. Ba mu manta daren 24 ga Afrilu, 2024 ba, lokacin da ruwan sama ya rushe katangar gidan gyaran hali na Suleja, fursunoni fiye da 100 suka tsere. Ruwan da ya kayar da katanga ba zai bar rufin ma'ajiyar makamai ba. Ina roƙon a duba rufi da bango na kowace ma'ajiya kafin saukar ruwa, a toshe yoyo, a buɗe hanyar iska, a kafa kantoci don bindiga ta daina kwana a kan siminti.

Ranka ya daɗe Kwamishina, na biyu shi ne kulawa. Gumin hannu na ɗauke da gishiri, inda yatsa ya taɓa nan tsatsa ke farawa. Kuben fata ko na ƙyalle yana riƙe danshi, ƙurar hunturu kuma takan manne wa mai idan an labta shi. Maganin bai wuce a goge, a busar, a shafa man bindiga kaɗan, sannan a ajiye ƙunshin garin da ke tsotse danshi ba. A ware kuɗin wannan a kai a kai, a tsayar da ranar dubawa kowane wata, mai kula da ma'ajiya ya sa hannu a littafi, babbansa ya tabbatar.

Na uku, bindigogin da aka ƙwato daga hannun ɓata-gari. Shari'a kan yi shekaru, tsatsa kuwa tana cin lambar da ke jikin bindiga, hujja ta raunana, lissafi ya rikice. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya nuna makamai 178,459 na 'yan sanda ba a san inda suke ba, 88,078 daga ciki ƙirar AK-47 ne. Wannan ya isa ishara. A rubuta lambar kowace bindiga, a ɗauki hotonta ranar da ta shigo. Da an gama shari'a, a miƙa ta ga cibiyar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai ta ƙasa, wadda aka kafa a 2021, domin a lalata.

Allah ya taimaki Sarki, na huɗu ya shafi mafarauta da 'yan banga da 'yan bindigar hawan Sallah. Tokar albarushi tana jawo danshi, tana cin bututun bindiga daga ciki inda ido ba ya gani. Irin wannan bututu ne ke fashewa a hannun mai harbi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Umarni ɗaya daga fada ya isa sarakunan farauta da maƙera su duba kowace bindiga kafin hawa, a janye wadda ta ruɓe.

Mai Girma Shugaba da Kansiloli, na biyar naku ne. A Hashimi gida na manne da gida, yara na shiga ko'ina. Fashewar rumbun makamai na barikin Ikeja ranar 27 ga Janairu, 2002, wadda ta ci rayuka fiye da 1,000, ta nuna abin da ajiyar albarusai a tsakiyar jama'a ke iya jawowa. A samar wa ofisoshin 'yan banga akwatin ƙarfe mai kwaɗo a busasshen ɗaki, a raba harsashi da bindiga, a yi rajistar kowa bisa dokar makamai.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfinku, kuma kuɗin mai da kantoci bai kai na sabuwar bindiga ba. Muna roƙon ku ba da umarni tun kafin damina mai zuwa. Allah ya yi muku jagora, ya zaunar da Suleja da Jihar Neja lafiya.