Yarintar Yesu Almasihu Da Haƙƙin Yaran Hijira Na Maiduguri

Kowace shekara idan watan Disamba ya kama, Kiristocin Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal da Anaca sukan shiga haramar aika kuɗin Kirsimati gida, na shinkafa da na ɗinki. Ba shakka wannan zumunci ne. Amma ga mutanen Jihar Barno, da duk mai dangi a Maiduguri, ya kamata a tsaya a duba wanda ake bikin haihuwarsa, don a san inda kuɗin nan ya fi cancanta ya tafi.

Aƙidar Kirista ita ce Yesu Almasihu cikakken Allah ne kuma cikakken mutum. Haka manyan limaman Ikkilisiya suka tabbatar a taron Kalsidon, kusa da Istambul ta yau, cikin shekarar 451. Tun kafin nan an yi waɗansu masu cewa jikinsa kama ce kawai, bai ji yunwa ko gajiya ba, Ikkilisiya kuwa ta ƙi maganarsu. Watau ke nan Kirista ya amince cewa an shayar da Ubangijinsa, an goya shi, ya yi rarrafe, ya koyi magana a bakin uwarsa.

Linjila ba ta ɓoye talaucin gidan da ya tashi ba. Luka ya nuna an kwantar da shi a komin dabbobi a Baitalami, kuma hadayar da Maryamu da Yusufu suka kai Haikali tsuntsaye biyu ce, wadda shari'ar Musa ta sauƙaƙa wa wanda ba shi da halin tunkiya. Matiyu ya ba da labarin yadda suka tashi da dare suka gudu da shi Masar saboda kisan yara da Sarki Hirudus ya sa aka yi.

Wannan labari ba ya bukatar dogon tafsiri a Maiduguri. A jajiberin Kirsimati na 2010, 'yan Boko Haram suka auka wa majami'u biyu, suka kashe fasto da waɗansu masu ibada. Cikin Afrilu 2014 aka sace 'yan mata 276 a Cibok, akasarinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta samo asali daga Garkiɗa a 1923. Da Gwoza ta faɗi a Agustan wannan shekara, mata suka bi duwatsu da goyo, waɗansu zuwa sansanin Minawawo a Kamaru, waɗansu zuwa Maiduguri, inda harabar majami'u ta zama makwanci.

Sai dai fa labarin bai ƙare a Masar ba. Iyalin sun koma Nazarat, yaron ya girma a gidan masassaƙi har aka san shi da sana'ar. Yana ɗan shekara goma sha biyu aka same shi a Haikali cikin malamai, yana saurare yana tambaya. Wajen shekara talatin ya yi cikin wannan zama kafin ya fara wa'azi. Wanda ya yarda da mutuntakarsa tilas ne ya yarda cewa waɗannan shekaru na ci da karatu da koyon sana'a suna da daraja a wurin Allah.

To, jariran da aka gudo da su daga Gwoza sun haura shekara goma. Gwamnatin Barno ta rufe sansanoninta na cikin Maiduguri daga 2021, sannan ambaliyar madatsar Alau ta Satumba 2024 ta sake raba mutane da matsuguninsu. Yaron da ya wuce wannan lokaci bai iya karatu ba, bai riƙe sana'a ba, gyaransa sai an sha wuya, domin ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Waɗansu za su ce wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, kuma wajibi ne a riƙa tuna mata. Amma yaro ba ya dakatar da girma don jiran kasafin kuɗi. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da majami'un Hausa na Kurmi suna iya ware wani kashi daga kuɗin biki, su ɗauki nauyin yara sanannu, a biya kuɗin makaranta kai tsaye, ko a kai su wurin kafinta ko tela, a kuma naɗa amintacce mai kawo bayani duk ƙarshen zango.

Maganar ta shafi Musulmin Sabo da Agege ma. Sun bambanta da Kirista a kan matsayin Annabi Isa, amma suna girmama shi da mahaifiyarsa, har akwai sura guda da sunanta cikin Alƙur'ani, kuma 'ya'yansu sun kwana a sansani kamar na kowa. Maraya dai ba ya tambayar addinin wanda ya saya masa allo ko littafi.

Allah ya raya yaran nan, ya mai da zaman lafiya ƙasar Barno.